Tarin da ya wuce wata ɗaya: ƙurar hunturu ce ko huhu ne ya taɓu?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya a kan mahaifinmu, wanda ya haura shekara sittin, kuma yau kusan mako biyar ke nan yana fama da tari. Abin ya fara ne kamar mura a lokacin da hazo ya sauko, muka saya masa maganin tari na kwalba a kemis, ya sha har kwalba uku, murar ta tafi amma tarin ya zauna. Da asuba ya fi tsananta, yana fitar da kaki mai kauri, kuma na lura idan ya tashi daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta sau ɗaya ko sau biyu, alhali a da shi ne mai riga kowa zuwa sahun gaba. Mutanen gida sun ce sanyi ne ya kama shi, da zarar hunturu ya wuce zai warware, shi kansa ma haka yake faɗa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon masu sani su faɗa mini yadda ake rarrabe tarin ƙura da na mura daga tarin da ke nuna huhu ya taɓu, da kuma abin da ke jawo irin wannan.

Inna_Ta_Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, a wannan lokaci babu gidan da za ka shiga ba ka ji ana tari ba, kuma tsofaffi sun fi kowa jin jiki. A hana shi ruwan randa da fita da sanyin safiya, a riƙa ɗuma masa ruwan alwala, a dafa masa citta da kanumfari da masoro, a zuba zuma yana kurɓa safe da dare. Mu haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, kuma sanyin ƙirji yana sauka da yardar Allah.

Jami'ar_Lafiya:
Ina girmama maganar Inna, kuma babu laifi a citta da zuma domin suna lafar da ƙaiƙayin maƙogwaro, amma mako biyar ya wuce lokacin da za a tsaya a kansu kaɗai. Ina aiki a sashen masu tarin fuka na wani asibitin gwamnati, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce duk tarin da ya kai mako biyu bai tsaya ba, a kawo kaki a gwada. Malam Ɗan_Kurna, ka duba mana waɗannan abubuwa a jikin Baba: ko yana zazzaɓi da yamma, ko yana gumi da dare har riga ta jiƙe duk da sanyin da ake yi, ko ya rame har tufafinsa sun yi masa yawa, ko ya rage cin abinci, ko an taɓa ganin jini a cikin kakin. Ko da babu ɗaya daga cikinsu, tsawon lokacin kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti. Gwajin kaki na tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta ne, kuma na'urar GeneXpert tana iya fitar da sakamako cikin kamar sa'a biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar tana bijire wa magani.

Ɗan_Kurna:
Na gode Inna, na gode Hajiya. Jini dai ba mu taɓa gani ba, zazzaɓi kuma bai yi ƙorafinsa ba. Maganar rama ce ta sa na yi shiru, domin mahaifiyarmu ta ce tuwon dare da yake cinye malmala biyu yanzu ɗaya ma da ƙyar yake gamawa. Zan tambaye ta maganar gumin dare.

Wanda_Ya_Warke:
Ɗan'uwa, kada ku jira hunturu ya wuce. Ni na yi wannan jiran, kuma na biya shi da tsada. Wata huɗu na yi ina tari ina cewa sanyi ne, na sha maganin kwalba iri-iri, wani mai kemis ya yi mini allurai har kwana biyar, na ɗan ji sauƙi sannan abin ya dawo fiye da da. Sai ranar da na yi kaki na ga jini ja-wur a kan ƙasa tsoro ya kama ni. Da aka gwada aka ce tarin fuka ne, kuma kafin lokacin na riga na sa wa ƙaramar 'yata, wadda muke kwana ɗaki ɗaya da ita. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Na sha magani wata shida cur. Wata biyun farko haɗin magunguna huɗu ne, wata huɗun da suka biyo baya kuma guda biyu. Ɗaya daga cikinsu yana mai da fitsari ja kamar ruwan goro, kuma da ba a gaya mini tun farko ba da na daina sha don tsoro. Babbar jarrabawar ita ce bayan wata biyu, lokacin da tari ya tsaya, jiki ya dawo, zuciya tana raya wa mutum cewa ya warke. Wanda ya yanke magani a nan shi ne ke jawo wa kansa nau'in da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. Abin da ya fi ciwon zafi a wajena shi ne yadda aka ware mini kwano da kofi a gida, alhali cutar ta iska take bi idan mai ita ya yi tari ko atishawa a ɗaki rufe, ba ta kwanon abinci ba.

Malamin_Kimiyya:
Ina son in tsaya a kan kalmar sanyi, domin a ganina ita ce ke jinkirta mutanenmu. Ruwan sanyi ba ya sauka cikin huhu, ciki yake tafiya, kuma fanka ko wankan asuba ba sa haifar da namoniya ko tarin fuka. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo su. Tun ranar 24 ga Maris 1882 likitan Jamus Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke jawo tarin fuka, shi ya sa ake tunawa da cutar a duk duniya a wannan rana kowace shekara. Muddin muna kiran kowane ciwon ƙirji da sunan sanyi, to maganinsa a wajenmu zai tsaya ne a bargo da ruwan zafi.

Inna_Ta_Gwale:
Malam, ban yi karatunku ba, amma na raini 'ya'ya tara da jikoki. In sanyi ba ya kawo komai, me ya sa da shigowar hunturu kowa ke kwanciya, da bazara kuma a miƙe? Abin da ido ya gani shekara da shekaru ba a share shi da magana ɗaya.

Likitan_Karkara:
Inna, ranki ya daɗe, tambayarki tana kan hanya, kuma ina ganin ke da Malam kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Ƙwayar cuta ce ke kawo ciwon, kamar yadda Malam ya faɗa, amma hunturu yana buɗe mata ƙofa. Hanci da bututun iska suna da danshi da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu shi ne kama ƙura da ƙwayoyin cuta suna turo su waje. Busasshiyar iska mai sanyi tana raunana wannan tsaro, ƙura kuma tana ƙara masa nauyi. Ga shi a lokacin ne ake cunkushewa a ɗaki ɗaya, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon garwashi, sai numfashin mutum ɗaya ya zaga kowa. Mai cutar asma kuwa iska mai sanyi kaɗai tana iya tayar masa da ciwon ba tare da wata ƙwayar cuta ba.

Game da tambayar asali, tari shi kansa alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta, kuma yanayinsa yana ba da haske. Tarin mura yana zuwa da yoyon hanci da atishawa, yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku. Tarin da ya zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da sukar haƙarƙari idan an ja numfashi, namoniya muke fara zargi, wato ƙananan jakunkunan iska na huhu sun cika da ruwa da mugunya. Tarin da ke tashi da tsakar dare ko gab da asuba, ƙirji ya ɗaure yana kuka kamar kyanwa, ya zo ya tafi ya sake dawowa, ya fi kama da asma. Tarin da ya daɗe yana cin jiki a hankali, da rama da gumin dare, tarin fuka ne abin nema na farko a ƙasarmu, ko da yake a tsoho dole a sa ciwon dajin huhu a lissafi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayanin Ɗan_Kurna shi ne hakin da Baba ke yi a hanyar masallaci. Ƙura kaɗai ba ta cika sa mutum tsayawa hutu a tafiyar da ya saba ba. Ina son in san aikin da ya yi a rayuwarsa, ko ya taɓa shan taba, ko ƙafafunsa suna kumbura, ko yana iya kwanciya rigingine ba tare da tara matasai ba, da kuma ko yana shan maganin hawan jini. Ba zan iya faɗin ciwonsa daga nesa ba, sai an saurari ƙirjinsa, amma amsoshin za su taimaki likitan da zai gan shi.

Ba_Damagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Ku a Kano ragowar ƙurar kuke samu, mu nan ita ke fara sauka. Akwai ranakun da rana ke komawa kamar farin faranti, mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, kuma in ya kwana ya tashi sai ya ji ƙasa a haƙoransa. Rawanin da mutanen daji ke rufe baki da hanci da shi ba ado ne kawai ba. Ni ɗan kabu-kabu ne, kuma tun da na fara ɗaura takunkumi a kan babur tarin da nake yi duk shekara ya ragu sosai.

Malamin_Kimiyya:
Na karɓi gyaran Likita, kuma Inna ki yi haƙuri idan harshena ya yi kaifi. Maganar ɗan'uwanmu na Damagaram gaskiya ce. Mafi yawan ƙurar hunturu tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Manyan ƙwayoyinta hanci yana tare su, amma masu laushin suna wucewa har can cikin huhu, kuma su ne ke tayar da ciwon masu asma da tsofaffin da huhunsu ya riga ya raunana.

Ɗan_Argungu:
Ina da tambaya a kan suna, domin ina ganin akwai ruɗani. A gidanmu idan aka ce mutum yana da huka, asma ake nufi, wadda ake cewa ana gadonta. A rediyo kuma ina jin ana cewa tarin fuka ana nufin tibi. Shin abu ɗaya ne?

Jami'ar_Lafiya:
Ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗanin yana ba mu wahala a wurin aiki. Asma kumburi ne da tsukewar hanyoyin iska, tana bin jini a wasu gidaje, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ana shawo kanta da maganin shaƙa. Tibi kuwa ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta iska, ba a gadonta, kuma ana warkewa sarai idan an kammala magani. Abin da ke sa a ga kamar gado ne shi ne 'yan gida ɗaya suna shaƙar iska ɗaya. Na sha ganin wanda ya zauna da tibi wata da watanni yana cewa fukar gidansu ce ta motsa.

Uwar_Gida_Zazzau:
Tun da an zo kan asma, bari in faɗi abin da mu mata ba mu son ji. Ɗana na biyu ya yi shekara uku kusan kowane mako sai mun kwana zaune, yana jan numfashi da ƙyar, wuyansa yana lotsawa. Likita ya tambaye ni abin da nake kunnawa a ɗaki, na lissafa masa turaren wuta safe da yamma, da maganin sauro mai hayaƙi da dare. Ya ce in dakatar da su wata ɗaya in gani. Ban ji daɗi ba, domin ɗakin mace babu turare kamar bai cika ba, amma bambancin da na gani ya rufe mini baki. Yanzu ina turara kayana a tsakar gida lokacin da yake makaranta, kuma gidan sauro muke ɗaurawa. Abu na biyu shi ne tsoron inhela, wato maganin shaƙa na masu asma. Surukata ta hana a ba shi, wai in ya saba ba zai rabu da ita ba. Likita ya bayyana mana cewa mai launin shuɗi tana buɗe hanyar iska ne a lokacin da ciwon ya tashi, akwai kuma wata ta kullum mai kwantar da kumburin, kuma babu wadda ke zama jaraba a cikinsu.

Maman_Tagwaye:
Allah ya saka wa Uwar_Gida da alheri. Ni nawa darasin a kan jarirai ne. Hassana tana wata bakwai ta yi mura kwana uku, a na huɗu ta ƙi kama nono, jikinta ya yi zafi, numfashinta ya koma sama-sama. Kakarta ta ce a kira wanzami ya cire mata beli, wai shi ke sa tarin. Allah ya taimake ni maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ta ɗaga rigar yarinyar ta nuna mini yadda ƙasan haƙarƙarinta ke faɗawa ciki duk lokacin da ta ja iska, ta ce mu tafi asibiti a daren. Namoniya ce, sai da aka sa mata iskar oksijin kwana biyu. Da mun tsaya cire beli, ban san abin da zan faɗa yau ba.

Likitan_Karkara:
Abin da Maman_Tagwaye ta kawo ya kamata kowace uwa ta haddace shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000, kuma yawancinsu da an kai su da wuri da maganin da ba shi da tsada ya wadatar. Hanyar ganewa a gida ita ce ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke lokacin da yaro yake kwance ba ya kuka. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan aka haɗa da faɗawar haƙarƙari, ko ƙin shan nono, ko yawan barcin da ba a iya tashinsa, ko leɓe ya yi duhu, ba a jiran gari ya waye. Beli ba ya kawo namoniya, cire shi kuma yana jawo zubar jini da shigar wata cutar. Allurar riga-kafi da ake yi a mako 6 da 10 da 14 tana kare yaro daga manyan ƙwayoyin namoniya da tarin shiƙa da mashaƙo, kuma duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ya san darajarta. A kiyaye kuma, ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Akwai wani abu da nake gani a kaka: yaro ƙarami lafiya lau yana wasa da gyaɗa ko masara a baki, sai ya sarƙe ya yi ta tari, daga baya tarin ya ƙi ƙarewa. Sau da yawa ƙwayar ce ta faɗa hanyar iska, kuma babu maganin kwalba da zai fito da ita.

Mai_Injin_Niƙa:
Likita, tambayar da ka yi a kan aikin Baba ta taɓa ni. Shekarata goma sha tara ina niƙa a cikin shago mai ƙofa ɗaya, ga garin dawa da barkono a iska, ga hayaƙin baƙin mai daga injin. Duk safiya sai na yi kaki kafin ƙirjina ya buɗe, kuma yanzu buhu ɗaya in na ɗaga sai na yi haki. Ban taɓa sa taba a bakina ba. Shin aikin zai iya yin wannan?

Likitan_Karkara:
Zai iya, Malam. Ƙurar hatsi, ƙurar auduga, siminti, garin katako da hayaƙin inji, idan aka shaƙe su shekaru, suna iya barin hanyoyin iska a kumbure da tsuke na dindindin, irin abin da taba ke yi. Masu fasa dutse da masu niƙa dutsen zinariya nasu ya fi muni, domin ƙurar dutse tana barin tabo a huhu wanda ba ya gogewa, kuma tana sauƙaƙa wa tarin fuka kama mutum. Haka matan da suka shekara talatin suna hura wutar itace da kara a madafi marar taga, da masu tuyar ƙosai da masu suya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Ka je a gwada kakinka, a yi maka gwajin hura iska idan akwai, ka fasa taga a shagon, ka fitar da bututun hayaƙin waje, ka nemi takunkumi na masu aikin ƙura, domin na ƙyalle ba ya tare mai laushin.

Ungozoma_Ta_Funtuwa:
Ina son in ƙara cewa ba kowane haki ne daga huhu yake ba. A aikina na sha ganin mai jego, mako kaɗan bayan haihuwa, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ƙafafu sun kumbura, ana ta ba ta maganin sanyi, alhali zuciya ce ta gaza har ruwa ya taru a huhu. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan wannan ciwo a ƙasar Hausa, suka yi zargin kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna ƙara wa zuciya nauyi. Mai ƙarancin jini ma tana haki ko da huhunta lafiya lau. Mai sikila kuwa idan ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi da wahalar numfashi, gaggawa ce.

Inna_Ta_Gwale:
Maganar wankan jego a bar ta zuwa wani zama, domin ina da abin faɗa a kai mai yawa. Amma na yarda cewa mai jegon da ba ta iya kwanciya a kai ta asibiti, wannan na taɓa gani da idona a kan 'yar ƙanwata.

Ɗan_Kurna:
Na dawo da amsoshin Likita. Baba ya yi shekara kusan ashirin a masaƙa, a sashen da ake sarrafa auduga, kafin kamfanin ya rufe. Maganar taba ban iya tambayarsa da bakina ba, sai na bi ta wajen Baffa, ƙanensa, wanda ya ce ya sha a ƙuruciya fiye da shekara goma, ya bari tun kafin a haife ni. Ƙafa ba ta kumbura sosai, amma da yamma takalminsa yana matse shi. Yana shan maganin hawan jini, an sauya masa wani sabo wata uku da suka wuce. Mahaifiyarmu ta ce gumin dare bai zama kullum ba. Kuma gaskiya tun da sanyi ya shigo da kaskon garwashi yake kwana, ƙofa a rufe.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Ka duba sunan sabon maganin hawan jinin. Akwai rukunin da lisinopril yake ciki, wanda ke sa wasu mutane busasshen tari mai naci, kuma yana tsayawa idan likita ya musanya shi. Sai dai na Baba da kaki yake zuwa, don haka ba na jin shi kaɗai ne. Kada ku dakatar da maganin da kanku, ku tafi da kwalinsa asibiti. Ƙwarnafi ma yana sa tarin dare ga wasu. Game da maganin kwalba, yawancinsu danne tari suke yi, ba sa taɓa tushensa, kuma ku tuna gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, sannan a 2022 gurɓataccen maganin tari ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya. Kwalba uku sun isa haka.

Jami'ar_Lafiya:
Kaskon nan a fitar da shi tun daren yau, ba sai an jira sakamakon komai ba. Garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda janareto ke fitarwa, kuma tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana iya kashe shi cikin barci. A ƙara masa bargo da safa. Kafin a san abin da ke damunsa, jikoki ƙanana su daina kwana a ɗakinsa, a riƙa buɗe taga da rana.

Wanda_Ya_Warke:
Ɗan'uwa, idan za ka gaya masa maganar gwaji, kada ka fara da sunan tibi, domin dattawa da yawa suna jin kunyarsa su ƙi zuwa. Ka ce za a duba ƙirji da hawan jini ne gaba ɗaya, ka kuma tafi da Baffan naku, tun da yana jin maganarsa.

Ɗan_Kurna:
Alhamdu lillahi, mun je jiya tare da Baffa. An karɓi kaki, kuma yau sakamako ya fito, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Likitan ya saurari ƙirjinsa ya ce yana jin ƙara a ɓangarorin biyu, ya maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar oksijin da ke cikin jini, ta nuna kashi 93 cikin ɗari, ya ce ya ɗan yi ƙasa da yadda ake so. Ya sauya maganin hawan jinin, ya ba shi abin shaƙa, ya rubuta hoton ƙirji da gwajin zuciya. Ya ce yana zargin ƙurar auduga da tabar da da kuma hayaƙin garwashi sun haɗu, amma ba zai yanke ba sai ya ga hoton.

Jami'ar_Lafiya:
Madalla da wannan labari. Sai dai kada rashin ganin ƙwayar ya sa a fasa hoton, domin wani lokaci kakin da aka bayar miyau ne ya fi yawa a ciki, ko ƙwayar ta yi ƙaranci, sai hoto ya nuna abin da gwaji bai kama ba. Idan ramar ta ci gaba, ku nemi a sake gwajin da kakin farko na asuba.

Malamin_Kimiyya:
Har yanzu ina ganin da ba a kira shi sanyi ba tun farko, da an je a mako na biyu.

Inna_Ta_Gwale:
Ni kuma har yanzu ina ganin hunturu ne ya tono abin da ke kwance, kamar yadda Likita ya faɗa. Ɗana, a ci gaba da ɗuma masa ruwan alwala, wannan bai hana shan maganin asibiti ba. Ka gaishe da mahaifiyarku.

Mai_Injin_Niƙa:
Na kira magini ya duba inda za a fasa tagar, kuma ranar Litinin zan kai nawa kakin. Malam Ɗan_Kurna, don Allah idan hoton ya fito ka faɗa mana abin da aka gani, domin ina jin hanyarmu ɗaya da Baba.

Ɗan_Kurna:
Za ta ji, Inna. In sha Allahu zan faɗa, Malam. An ba mu ranar Alhamis don ɗaukar hoton. Kaskon yana tsakar gida tun shekaranjiya, Baba yana ta ƙorafin sanyi, na sayo masa bargo mai kauri a Kantin Kwari, kuma da asubar yau sau ɗaya ya tsaya a hanyar masallaci.